Saba Tana Kunne Amma Ba Ta Fita Intanet: Yadda Ake Gyara Tsayayyen Adireshi a Gida

Tsohuwar kwamfuta ce a ƙarƙashin tebur, ba allo ba kibod, sai ƙarar fanka. Hotunan iyali na cikinta, da takardun shago, da karatuttukan da na ɗauki shekaru ina tarawa. Tun ranar da na ɗora mata Ubuntu, wani nau'in Linux, na mayar da ita saba, wato kwamfutar da ke yi wa sauran na'urorin gida hidima, na ba ta tsayayyen adireshi, 192.168.0.20, don in na neme ta daga waya ko laftof in same ta inda na bar ta. Ta yi fiye da shekara ba ta ba ni wahala ba. Ranar da muka sauya rautar gidan, wato na'urar da ke raba intanet, wayoyi suka hau, laftof ta hau, talabijin ma ta hau, ita kaɗai ta yi tsit. Fitilar katinta na netwok na ƙiftawa, amma ba a shiga, ba a fita.

Wasu kuma tasu matsalar ta fi wannan rikitarwa. Kana shiga sabar ta SSH, wato hanyar ba ta umarni daga wata na'ura, lafiya lau, fayiloli suna buɗewa daga kowane ɗaki, amma da ka ce `sudo apt update`, umarnin da ke ɗauko jerin sabbin manhajoji daga intanet, sai ta tsaya cak. Cikin gida tana jin kowa, waje ne ba ta zuwa.

Tushen duka biyun ɗaya ne. Lokacin da na'ura ke karɓar adireshi ta DHCP, wato tsarin da rauta ke raba adireshi da kanta, ba adireshi kaɗai rauta ke miƙa mata ba. Abubuwa huɗu ne a dunƙule. Akwai adireshin kansa, wato lambar gida. Akwai iyakar unguwa, wadda ake rubutawa /24 ko 255.255.255.0, ita ke gaya wa na'ura su wane ne maƙwabtan da za ta yi wa magana kai tsaye. Akwai ƙofar fita, wato getwe, adireshin da za a miƙa wa duk saƙon da ba na unguwa ba, kuma a gida kusan kullum rauta ce. Sai DNS, mai mayar da suna irin debian.org zuwa lambobi, kamar yadda wayarka ke mayar da sunan mutum zuwa lambarsa. Ranar da ka kashe DHCP ka ce da hannu za ka rubuta, ka ɗauki nauyin duka huɗun. Yawancinmu adireshin muke tunawa, mu manta sauran, ko mu rubuta su daidai yau, gobe gidan ya sauya su kuma suna nan yadda suke.

Don haka aikin ba na tsammani ba ne. Gwaji za mu yi daga kusa zuwa nesa: kebul, sannan adireshi, sannan rauta, sannan duniya ta lamba, sannan duniya ta suna. Inda gwajin ya fara faɗuwa, nan ciwon yake. Kada ka sauya ko layi ɗaya kafin ka gano wurin.

Kafin ka taɓa komai

Jona wa sabar allo da kibod. Na san da wahala, musamman in tana can bayan kabad, amma gyaran netwok ta cikin netwok saran reshen da kake zaune a kai ne. Kuskuren harafi ɗaya ya isa ya rufe maka ƙofa.

Sannan ka ɗauki waya ko laftof da ke kan rautar nan, ka kashe datar layinta, ka tabbatar intanet ɗin gidan na aiki. Ba sau ɗaya ba mutum ya kwana yana tonon saba alhali data ce ta ƙare. In yana aiki, shiga bayanan Wi-Fi na wayar ka kwafe abin da rauta ta ba ta: adireshi, iyakar unguwa, ƙofar fita da DNS. A Windows `ipconfig /all` zai nuna su. Rubuta su a takarda. Wannan takardar ita ce shaidarka ta gaskiya game da yadda gidan yake yanzu, da ita za ka riƙa auna abin da saba ta ce.

A misalan da ke ƙasa zan ɗauka rauta tana 192.168.8.1, saba kuma muna son ta zauna a 192.168.8.20, sunan katinta enp3s0. Ka musanya da naka.

Kebul da kati

```
ip -br link
```

Za ka ga `lo`, wanda na cikin na'urar ne, sai katinka. In ka ga UP, wuce. In ka ga NO-CARRIER, babu abin da ke zuwa ta waya: sauya kebul, sauya ramin da ka soka shi a rauta. Ɗan maƙallin roba na kan kebul yana karyewa, kan ya zame kaɗan ba ka lura ba, ga kuma ƙurar hunturu da ke cika ramuka. Ka kuma tabbatar ba a ramin WAN, wanda intanet ke shigowa ta cikinsa, ka soka ba.

Dubi sunan katin da kyau. Linux na yanzu yana raɗa sunan ne bisa matsayin katin a jikin allon uwa, saboda haka ƙara sabon kati ko faifan NVMe na iya mayar da enp3s0 ya koma enp4s0. Fayil ɗin saiti na kiran tsohon suna, sabon kuma ba wanda ya ba shi adireshi. In haka ne, gyaranka kalma ɗaya ce.

Adireshi da isa ga rauta

```
ip -br addr
```

Abin da kake so shi ne `192.168.8.20/24` a gaban katinka. Ɗora shi kan takardarka. Lambobi uku na farko sun yi daidai da na wayar?

Nan tawa ta faɗi. Tsohuwar rauta tana 192.168.0.1, sabuwar tana 192.168.8.1. Kowane kamfani da al'adarsa: rautoci da MiFi na Huawei galibi 192.168.8.1 suke zuwa da shi, na TP-Link da yawa 192.168.0.1, rautar Starlink 192.168.1.1. Wayoyi ba su damu ba domin kullum tambaya suke yi a ba su. Saba kuwa ta tsaya a tsohuwar unguwa tana kiran ƙofar da aka riga aka rushe. Mafita biyu ce: ko ka sauya adireshin saba ya bi sabuwar rauta, ko ka shiga saitin LAN na rauta ka mayar da ita tsohon tsari. In kana da na'urori da yawa masu tsayayyen adireshi, kamar kyamarori da firinta, ta biyun ta fi sauƙi nesa ba kusa ba, wuri ɗaya za ka taɓa. In saba ce kaɗai, sauya sabar.

In ka ga adireshi mai farawa da 169.254, na'urar ce ta ƙirƙira wa kanta don ba ta sami komai ba, wato saitinka bai hau ba sam. In ka ga /32 a ƙarshe, an manta rubuta iyakar unguwa ne, sai na'urar ta ɗauka ita kaɗai ce a duniya, ko rautar ba maƙwabciyarta ba ce.

Yanzu ƙwanƙwasa wa rauta:

```
ping -c 4 192.168.8.1
```

In amsa ta dawo sau huɗu, madalla. In ka ga `Destination Host Unreachable`, saba ta yi kira a unguwa ba wanda ya amsa da wannan adireshin. `ip neigh` zai tabbatar: FAILED ko INCOMPLETE a gaban adireshin rauta na nufin ba su ga juna ba. Koma kan kebul, ko adireshin rautar ne ka rubuta ba daidai ba.

Akwai wata cuta a wannan matakin da nake so in daɗe a kanta, domin ita ce ke sa mutum ya fara zargin idonsa. Yau saba na aiki, gobe ba ta yi. Da safe lafiya, da yamma in yara sun dawo SSH ya riƙa tsinkewa. Wannan alamar na'urori biyu ne ke rigima kan adireshi ɗaya. Rauta tana da kewayon adireshin da take rabawa, wasu daga 100 zuwa sama, wasu tun daga 2. In ka zaɓi lambarka a cikin kewayon nan, rauta ba lallai ta san ka riƙe ta ba, wata rana sai ta miƙa wa wayar baƙo. Daga nan saƙonni su rabu biyu, rabi ga saba, rabi ga waya.

Gwajin ba ya buƙatar wata manhaja. Zare kebul ɗin saba, ka aika ping zuwa 192.168.8.20 daga laftof. In aka amsa, wani ne ke zaune a gidanka. Wayar da ke barci ba kullum take amsawa ba, don haka ka leƙa jerin na'urorin da ke shafin rauta ma. Maganin shi ne ka duba inda kewayon DHCP ya fara da inda ya ƙare, ka ajiye saba a wajensa. In ya cinye unguwar gaba ɗaya, rage shi, ka ce ya fara daga 100.

Ƙofar fita

Rauta ta amsa. Saura waje, amma ta lamba tukuna, ba ta suna ba:

```
ping -c 4 1.1.1.1
```

In nan take ta ce `Network is unreachable`, ba ta ma yi yunƙurin aikawa ba. Ba ta san ta ina ake fita ba. Duba taswirarta:

```
ip route
```

Dole ka ga layi mai kama da `default via 192.168.8.1 dev enp3s0`. Wannan layin shi ne ƙofar fita, kuma rashinsa ne ya fi kowane dalili yawa a cikin masu cewa "ina shiga ta SSH amma ba ta fita". Dalilin da SSH ke aiki a fili yake: laftof ɗinka maƙwabciya ce, ba a buƙatar ƙofa a yi mata magana. Gwada sa layin na wucin gadi:

```
sudo ip route add default via 192.168.8.1
```

Sake ping. In ya wuce, ka gano ciwon, amma wannan gyaran zai ɓace da zarar an sake kunna na'ura, sai mun rubuta shi a fayil. In kuwa ta ƙi, ta ce `Nexthop has invalid gateway`, ƙofar da ka ba ta ba a unguwarta take ba, koma ka duba adireshi da /24.

Wani lokaci layin `default` biyu za ka gani, ɗaya na kebul, ɗaya na Wi-Fi ko na tsohon VPN. Wanda lambar `metric` ɗinsa ta fi ƙanƙanta shi ke cin nasara. `ip route get 1.1.1.1` zai gaya maka ta wace ƙofa saƙon ke bi a zahiri. In ta matacciyar hanya yake bi, kashe wancan haɗin. Saba ba ta buƙatar Wi-Fi in tana da kebul.

In layin na nan daidai, rauta na amsawa, amma 1.1.1.1 shiru kawai ba saƙon kuskure, to saƙon ya fita daga saba ya maƙale a gaba. Gwada 8.8.8.8 ma. Sannan ka shiga shafin rauta ka duba ko akwai tace na'urori ta lambar MAC, wato lambar shaidar katin netwok, ko takunkumin iyaye da ya hana wannan na'urar fita.

Suna

```
ping -c 4 debian.org
```

Lamba na tafiya, suna ba ya tafiya, sai ka ga `Temporary failure in name resolution`. Wannan DNS ne, ba makawa. Intanet ɗinka lafiya yake, mai fassara ne babu.

A Ubuntu, in ka buɗe /etc/resolv.conf za ka tarar da `nameserver 127.0.0.53`. Kada ka firgita, kada kuma ka goge. Wannan ɗan aike ne na cikin na'ura, systemd-resolved, shi ke karɓar tambaya ya kai wa DNS na gaskiya. Tambayar ita ce wa yake kai wa:

```
resolvectl status
```

Nemo katinka, ka duba layin `DNS Servers`. In babu komai, ko tsohon adireshin rauta ne, ka kama ɓarawon. Gwada na ɗan lokaci:

```
sudo resolvectl dns enp3s0 1.1.1.1
```

A Debian da ba ta da wannan ɗan aiken, /etc/resolv.conf fayil ne na gaske, abin da ke ciki shi ake bi. Da yawa suna gyara fayil ɗin da hannu a Ubuntu, ya yi aiki, bayan an sake kunnawa gyaran ya ɓace, su ce na'urar ce ke da taurin kai. Ba haka ba ne, fayil ɗin na wani ne, shi ke sake rubuta shi.

Wane DNS za ka sa? Ni nakan sa rauta a farko, sannan ɗaya na waje: 1.1.1.1 na Cloudflare, 8.8.8.8 na Google, ko 9.9.9.9 na Quad9. Gargaɗi ɗaya ga masu ɗora Pi-hole, manhajar DNS mai toshe talla, a kan sabar: kada ka sa saba ta dogara da kanta kaɗai wajen DNS. Ranar da Pi-hole ya faɗi, za ka buƙaci intanet don gyara shi, intanet kuma ba zai yi aiki ba sai an gyara shi.

Rubuta gyaran inda zai zauna

Yanzu ka san abin da ya ɓace. Saura ka san wa ke riƙe da netwok a na'urarka, domin rubutu a fayil ɗin da ba wanda ke karantawa asarar lokaci ne. Wannan ma babban tarko ne, saboda intanet cike yake da tsofaffin bayanai da suka yi daidai a zamaninsu.

Sabar Ubuntu, tun daga sigar 17.10, netplan take amfani da shi wajen saita netwok. Duba `ls /etc/netplan/`, ka kwafi fayil ɗin da ka tarar zuwa wani wuri don ajiya, sannan ka gyara shi ya zama haka:

```
network:
  version: 2
  ethernets:
    enp3s0:
      dhcp4: false
      addresses:
        - 192.168.8.20/24
      routes:
        - to: default
          via: 192.168.8.1
      nameservers:
        addresses:
          - 192.168.8.1
          - 1.1.1.1
```

Ga abubuwa huɗun nan a gabanka: adireshi, /24, `via`, da `nameservers`. YAML, tsarin rubutun wannan fayil ɗin, ba ya yafe kuskuren tazara. Da maɓallin sarari ake matsawa, ba da Tab ba, kuma `via` dole ya tsaya daidai ƙarƙashin `to`. Tsofaffin bayanai za su ce ka rubuta `gateway4`. An daina ba da shawararsa, a 22.04 da 24.04 `routes` ake so. In akwai fayil fiye da ɗaya a wurin, netplan na karanta su bisa jerin sunayensu, na baya ya danne na gaba, don haka ka buɗe kowanne ka ga ba mai warware maka aiki.

Kada ka yi gaggawar `netplan apply`. Yi wannan:

```
sudo netplan try
```

Zai ɗora saitin ya jira daƙiƙa 120. In komai lafiya ka danna Enter, in ba ka danna ba ya koma tsohon da kansa. Ban san wani umarni da ya ceci mutane daga ɗaukar allo zuwa bayan kabad kamar wannan ba. In ya yi ƙorafin cewa izinin fayil ya yi faɗi, `sudo chmod 600` a kan fayil ɗin ya wadatar.

In sunan fayil ɗin 50-cloud-init.yaml ne, karanta bayanin da ke samansa. Cloud-init, manhajar da ke saita na'ura da kanta, na iya sake rubuta shi lokacin kunnawa. Don hana shi, ƙirƙiri /etc/cloud/cloud.cfg.d/99-disable-network-config.cfg ka sa wannan a ciki:

```
network:
  config: disabled
```

Sabar Debian da aka ɗora ba tare da fuskar tebur ba, /etc/network/interfaces ne gidanta:

```
auto enp3s0
iface enp3s0 inet static
    address 192.168.8.20/24
    gateway 192.168.8.1
```

Sai `sudo systemctl restart networking`. Za ka ga ana cewa a ƙara layin `dns-nameservers` a nan. Layin ba ya yin komai sai in akwai manhajar resolvconf a na'urar. In babu, rubuta `nameserver 192.168.8.1` kai tsaye a /etc/resolv.conf. Proxmox ma, tsarin saba da aka gina kan Debian, /etc/network/interfaces take bi, sai dai adireshin yana kan gadar vmbr0 ne, ba kan katin ba. In ka sauya shi ka gyara /etc/hosts ma, sannan `ifreload -a`.

Raspberry Pi ita ce ta fi yaudarar mutane. Shekaru ana gyara /etc/dhcpcd.conf, amma daga sigar Bookworm ta 2023 NetworkManager ne ke riƙe da ragama, tsohon fayil ɗin ba mai kallonsa. Haka Fedora da Rocky Linux, NetworkManager ne. Nemi sunan haɗin da `nmcli con show`, sannan:

```
sudo nmcli con mod "Wired connection 1" ipv4.method manual ipv4.addresses 192.168.8.20/24 ipv4.gateway 192.168.8.1 ipv4.dns "192.168.8.1 1.1.1.1"
sudo nmcli con up "Wired connection 1"
```

In dogon layi na ba ka tsoro, `sudo nmtui` zai buɗe maka fom ka cike gurbi-gurbi.

A nan zan faɗi ra'ayina. In rautarka tana da wurin keɓe adireshi ga na'ura ta lambar MAC, sau da yawa ya fi ka bar saba a DHCP ka keɓe mata lambar a can. Adireshin ba zai sauya ba, ƙofar fita da DNS kuma su riƙa zuwa da kansu, rikicin adireshi ma ya kau. Abin da ke sa ni har yanzu nake rubutawa a jikin saba shi ne wuta. In NEPA ta kawo, saba da rauta suna tashi tare, wata rautar kuma sai ta ɗau mintuna kafin ta farfaɗo. Mai tsayayyen adireshi ba ta jiran kowa. Ƙananan MiFi da yawa ma ba su da wurin keɓewar. Ka duba halin gidanka ka zaɓa.

In ping na tafiya amma aiki ba ya tafiya

Lamba ta wuce, suna ya wuce, amma `apt` ko `curl` na ƙorafi. Fara da agogo:

```
timedatectl
```

Tsohuwar kwamfuta tana riƙe lokaci ne da ɗan batir mai kama da kwabo, CR2032. In ya mutu, duk ɗaukewar wuta sai ta farka a wata shekara ta baya. Raspberry Pi 4 da waɗanda suka gabace ta ba su da agogon batir kwata-kwata. Shafukan HTTPS kuwa takardar shaidarsu na da ranar farawa da ranar ƙarewa, in agogonka ya kauce sai a ƙi amincewa, `apt` kuma ya ce fayil ɗin `is not valid yet`. Saita lokacin da hannu ya kusanci daidai, misali `sudo date -s "2025-03-14 09:30"` da ranar da kake ciki, sannan `sudo timedatectl set-ntp true`. Ka sayi sabon batir. A ƙasar da wuta ke zuwa tana tafiya, wannan ba ƙaramin dalili ba ne.

In ƙananan abubuwa na wucewa amma saukar da babban fayil na maƙalewa a tsakiya, zargi girman ƙunshin saƙo, wato MTU. Kebul na gida 1500 yake ɗauka, layin PPPoE 1492, VPN da wasu hanyoyin layin waya ƙasa da haka.

```
ping -c 3 -M do -s 1472 1.1.1.1
```

1472 da 28 na kan saƙo su ne 1500. In bai wuce ba, riƙa ragewa har ya wuce, ka ƙara 28 a kan lambar, ka sa ta a matsayin `mtu` ƙarƙashin katinka a netplan.

Katangar tsaro ma a leƙa ta: `sudo ufw status verbose`. In ka ga an hana fita, `sudo ufw default allow outgoing` zai buɗe. Masu Docker kuma, manhajar da ke gudanar da wasu manhajoji a keɓe, su sake kallon `ip route`. Docker na ƙirƙirar unguwanninsa, daga 172.17.0.0/16 zuwa sama, in sun yi yawa ya tsallaka cikin 192.168. In ɗayansu ya hau kan unguwar sabuwar rautarka, saƙonni za su riƙa shiga gadar Docker maimakon kebul. Goge wannan netwok ɗin ka sake ƙirƙirarsa.

Shigowa daga waje wata magana ce

Da yawa in sun ce tsayayyen adireshi, abin da ke ransu shi ne su buɗe sabar daga ofis ko daga wani gari. 192.168.8.20 ba zai yi wannan ba. Duk adireshin da ya fara da 192.168, ko 10, ko 172.16 zuwa 172.31, na cikin gida ne, an keɓe su don haka tun 1994, miliyoyin gidaje na amfani da lamba ɗaya a lokaci guda. Daga waje adireshin rauta na ɓangaren WAN ake gani.

Shiga shafin rauta ka duba wannan adireshin, ka kwatanta da wanda `curl ifconfig.me` ya nuna. In sun zo ɗaya, kana da adireshin fili, tura ƙofa, wato gaya wa rauta ta miƙa wa saba saƙon da ya shigo daga waje, zai yi aiki. In sun bambanta, musamman in na rautar yana tsakanin 100.64 da 100.127 ko ya fara da 10, galibi kana bayan CGNAT ne, wato kamfaninka ya haɗa ka da wasu a kan adireshin fili ɗaya. Adireshin IPv4 kusan biliyan 4.3 ne kacal, sun yi wa duniya kaɗan, shi ya sa kamfanonin layin waya ke haɗa masu amfani da yawa a kan ɗaya, Starlink ma haka take yi a tsarinta na gida. A wannan halin duk tura ƙofar da za ka yi a rautarka ba za ta kai ko'ina ba, kuma ba laifin saitinka ba ne. Hanyar da ke aiki ita ce saba ta fita da kanta ta riƙe rami a buɗe: Tailscale, ko Cloudflare Tunnel, ko WireGuard zuwa wata ƙaramar sabar haya. Na fi son Tailscale ga mai farawa, domin ba ka buɗe wa duniya ƙofar SSH ba, na'urorinka kaɗai ke ganin juna.

Saura gwaji ɗaya, kuma kada ka cire allo da kibod kafin ka yi shi. Rubuta `sudo reboot`. In ta tashi, maimaita jerin: `ip -br addr`, `ip route`, ping zuwa rauta, ping zuwa 1.1.1.1, ping zuwa debian.org, sai `sudo apt update`. Bayan haka kashe sabar da `sudo poweroff`, zare rautar daga soket, ka kunna su lokaci ɗaya kamar yadda zai faru in an kawo wuta da tsakar dare. Ba rautar mintunanta, ka sake jerin, ka duba `timedatectl` ya nuna agogo ya daidaita. In duk sun wuce, rubuta adireshi, ƙofar fita, DNS da sunan fayil ɗin da ka gyara a ɗan kati, ka manna a jikin akwatin da salatif, sannan ka mayar da ita ƙarƙashin tebur.